Malama Hamdiyya da Fukafukan Gidan Sauro

Ranar Laraba, sha biyar ga watan Oktoba, ina zaune a tsakar gida ina yanka ledar biskit da almakashi, sai Mansur ya shigo da hantsi, lokacin da bai saba dawowa ba. Ya tsaya nesa da ni, ya cire hula ya mayar, sannan ya ce an bugo waya daga Kebbe, Allah ya karɓi ran Malama Hamdiyya bayan sallar asuba a ɗakin mahaifiyarta. Ganin gida ta je, zazzaɓi ya kwantar da ita a can, ba ta dawo ba. Na ce na Allah muke, wurinSa za mu koma. Na faɗa na sake faɗa, almakashin yana hannuna ban san ban ajiye ba.

Malama, ke kika koya mini riƙe biro, saboda haka da biro zan yi ta'aziyyarki. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya sani nawa ne. Ke kin yi iyakar ƙoƙarinki a kaina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nana, matar Mansur mai gyaran babur a nan Tambuwal. Na wuce shekara talatin ban iya karanta ko sunana ba. Malama tana koyar da yara a firamare da safe, bayan la'asar kuma ta shimfiɗa mana tabarmi a zaurenta, mu matan aure, ta koya mana baƙi da wasali. Ranar da na fara zuwa ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da ya kawo mu. Wata ta ce tana so ta riƙa karanta saƙon mijinta da kanta, aka yi dariya. Ni na ce ina so in iya karanta abin da ke jikin kwalbar magani. Ba ki yi dariya ba, Malama. Washegari kika zo da kwalayen magani tsofaffi cike da leda, da su kika fara mini karatu. Biro yana huda mini takarda, ke kuma kina cewa takarda ba ta jin zafi, in ci gaba.

Kin gane tun ranar cewa akwai abin da ke cina. 'Ya'ya uku na haifa kafin wannan da ke hannuna, dukansu an ɗauke su daga cinyata kafin yaye. Da ta huɗun ta zo, an raɗa mata suna Nasiha, amma tsofaffinmu suka ce in yi yadda ake yi wa 'yar wabi. In kira ta Ajuji, kamar abin da aka jefar a juji. Kada in yi mata ado, kada in yabe ta, kada in faɗi shekarunta a gaban kowa, don kada baki ya kama ta, don mutuwa ta wuce ba ta kula da ita ba. Haka na yi. Tsofaffin kayan 'ya'yan dangi take sawa. Idan wata ta ce yarinyar nan ta girma, sai in ce ina, wannan ƙazamar. Ban bar ta ta yi langa ba, ban bar ta ta yi gudu ba, tari ɗaya in ta yi na ɗauko mayafi. Ta rayu, ni kuma na riƙe cewa ɓoyon ne ya yi aiki da izinin Allah.

Ke kaɗai ce ba ki taɓa kiranta Ajuji ba. A makaranta Nasiha, a hanya Nasiha, in kin leƙo gidanmu tun daga zaure sunan kike kira. Ni ma Uwar Nasiha kike ce mini, duk da na girme ki. Kowane lokaci sai in yi addu'a a zuci, amma kunyarki ta hana in ce ki daina.

A cikin daminar bana ne maganar ta taso. Wata 'yar ajin su yarinyata ta zo da jakar makaranta mai hoton wasu 'yan mata ƙanana masu fukafukai, da kambi a ka, da 'yar sanda mai tauraro a hannu. Ta ba su labari cewa an yi mata bikin ranar haihuwa a Sakkwato, an sa mata irin waɗannan fukafukan. Yarinyata ta dawo gida ta ci abinci. Can ta tambaye ni, Umma, ni yaushe aka haife ni? Na ce ta tashi ta wanke hannu. Bayan kwana biyu na same ta bayan ɗaki ta ɗaura ganyen gwanda biyu a bayanta da igiyar guga, tana tafiya a hankali da yatsun ƙafa, don ta san an hana ta gudu.

Ƙara na kawo miki, Malama, don ki ja mata kunne. Na ce hotunan aljanu ne ake sa wa yara a jaka. Kika dube ni, kika riƙe dariya, kika ce:

"Uwar Nasiha, wanga ba aljani ba na. Tatsuniya ta, irin ta Turawa. Malam-buɗe-littafi ma shina da fukafukai, kin taɓa ganinai kinka yi a'uzubillahi?"

Daga nan kika tambaye ni yaushe za ta cika bakwai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na waiga hagu da dama, na raɗa miki a kunne cewa ƙarshen Oktoba ne. Kika ce to muna da lokaci, za mu yi mata nata bikin da hannunmu, ba sai an sayo komai daga birni ba.

Mansur ya ce wannan ba al'adarmu ba ce, kuma ba ya son abin da za a riƙa nuna gidansa. Kika zo kika gaishe shi daga zaure, kika yi masa bayani cewa ba kiɗa, ba kyandir, ba maza. Yara ne za su taru bayan la'asar, su karanta abin da suka iya, a gode wa Allah da ya raya yarinya, a raba sadaka, sannan su yi wasa. Da ya dawo daga aiki washegari sai ga shi da tsohuwar wayar ƙarfe a naɗe ta yin fukafukai, ya ajiye a ƙofar ɗaki ya ce in kai wa Malama, ta fi wadda za ta samu a kasuwa laushi.

Ni ban yarda ba a zuciyata, bin ki kawai na yi. Tara mutane su kalli ɗiyata an yi mata ado, a faɗi shekarunta a fili, wannan shi ne ainihin abin da na shekara bakwai ina gudu. Amma aikin ya ja ni. Kika lanƙwasa waya ta zama kamar ganye huɗu a haɗe. Muka tattaro tsofaffin gidajen sauro, kika sa na wanke su sosai na shanya saboda maganin da ke jiki, muka yanka muka ɗinke a kan wayar. Ledar biskit da ta alewa, mai ƙyalli a ciki, ita muka yanka taurari muka manna da ƙaro. Sandunan kuwa karan gero ne, da yake an fara yanka. Launi ma daga madafa ya fito: gangamau ya ba mu rawaya, shuɗin wanki ya ba mu shuɗi, zoɓo ya ba mu ja.

Ba zan manta ranar zoɓo ba. Kin ce in tsoma fukafukai biyu a ruwan zoɓo, ni kuma na ɗebo wanda na riga na haɗa don sha, da sukarinsa da cittarsa. Na shanya a kan danga, kafin azahar kiyashi sun rufe su baƙi ƙirin. Na zo miki hankalina a tashe, ina cewa wannan alama ce, mu bari. Kika yi dariya har kika zauna a kan turmi, kika ce alama ce kam, alamar Uwar Nasiha ba ta rowar sukari. Muka wanke muka sake.

Sai maganar ƙananan gidaje. Kin ce a tatsuniyar, waɗannan halittun suna da 'yan gidajensu a gindin itace, don haka za mu yi su da gwangwanin madara da sakaina, mu huda 'yar ƙofa, mu ɓoye dabino da aya a ciki yara su nema. Na gwada jera su a gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu don in ga yadda za su yi. Matar Dogo mai nama, maƙwabciyata, ta leƙo ta danga ta gani. Kafin yamma magana ta kai rijiya cewa Nana ta fara ajiye wa iskoki abinci a gindin tsamiya saboda 'yarta. Ranar na yi kuka. Ke ba ki yi fushi da matar ba. Kika ce gaskiyarta, ko ke kika ga dabino a sakaina a gindin tsamiya abin da za ki zata ke nan. Kika ɗauki gwangwani ɗaya kika shiga gidanta, kika nuna mata, kika gayyaci 'ya'yanta biyu, kika roƙe ta ta soya mana masa tunda ta fi mu iyawa. Gidajen kuma aka mayar da su ƙarƙashin rumfa. Haka kike gyara abu, ba wanda yake jin an ci masa fuska.

Wasannin ma kin tsara su. Neman dabino, tsallaken igiya, carafke ga waɗanda suka gaji, tatsuniya a ƙarshe. Da kika ambaci langa na ce ban da Ajuji. Kika ce za mu gani. Abu ɗaya kika ɗora mini: kowane kambi za a liƙa masa 'yar takarda mai sunan yarinya, kuma ni zan rubuta, ba ke ba. Na rubuta na sauran yaran, kika duba kika gyara mini harafi biyu. Da aka zo kan nata na ce biro ya ƙare. Kika kalli biron, kika kalle ni, kika ci gaba da aikinki.

Kambin ne ya rage, shi ya sa da za ki tafi Kebbe kika ce za ki sa mahaifiyarki ta saƙa mana da kaba, don babu mai hannunta. Kika tafi da fukafukan yarinyata, wai nata za ki ƙara wa taurari a can. A bakin titi muka rabu, kina kan babur, kina ce mini in ci gaba da yanka leda.

Da labarin ya zo, bayan kuka, tsoro ne ya rufe ni. Na ce ga shi nan, na ɗaga kai, na tara ido a gidana, mutuwa ta waiwayo. Na san wannan tunani ba daidai ba ne, kowa da ranarsa, amma zuciyar uwar da ta rasa uku ba ta jin karatu a irin wannan lokaci. Na kwashe fukafukan duka na cusa a buhu na tura ƙarƙashin gado. Na ce wa yarinya babu biki. Ba ta yi gardama ba, ba ta saba ba. Ta dai tambaye ni ko Malama ta gama nata kafin ta tafi.

Ranar sadakar uku muka je Kebbe gaisuwa, mu matan ajinki, hanya ta jijjiga mu har muka isa. Ban taɓa ganin mahaifiyarki ba, Inna Tambaya, sai ranar. 'Yar tsohuwa ce siririya, tana zaune a bakin gado da carbi. Da muka gaishe ta za mu tashi, sai ta tambaya wace ce uwar yarinyar da ake yi wa fukafukai. Na ce ni ce. Ta ce in zauna, sauran su jira ni a waje.

Ta jawo kwando daga bayan ƙofa. Kambuna ne na kaba, an saƙa su tsaf, da fukafukai rawaya a kai, ɓangare ɗaya cike da taurari, ɗayan babu ko ɗaya. Na ce mata na gode, amma na fasa, kuma na gaya mata dalili ban ɓoye ba. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce:

"Ɗiyata, kin san sunan da nika kiranta da shi? Ayashe. Biyu sunka riga ta, anka ce in ɓoye wagga, na ɓoye ta. Ban sa mata ɗan kunne ba, ban yabe ta ba, in anka ce ta yi ƙoƙari makaranta sai in ce sakarya ta. Ga shi Mai ita bai ɓata hanya ba, ran da Ya so Ya zo har cikin ɗakin ga Ya ɗauka. Wannan ban da ja. Abin da ya tsaya mini a nan," ta dafa ƙirjinta, "ban taɓa dubanta na ce Hamdiyya kin yi kyau ba. Ko ran da anka kai ta ɗakin miji."

Ta tura mini kwandon da ƙafa, ta ce in ɗauka in tafi, kada in ɗaga ranar.

Malama, ba ki taɓa gaya mini ba. Duk zaman da muka yi muna ɗinki, duk lokacin da kika kira sunan ɗiyata tun daga zaure, ashe kin san yadda Ajuji take ji daga ciki. Ba ki yi mini wa'azi ba, ba ki kushe tsofaffinmu ba. Waya da gidan sauro kawai kika miƙo mini.

Mun yi bikin ranar Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, yadda kika tsara. Ni na ƙarasa manna taurarin ɗaya ɓangaren, kuma duk wanda ya duba zai gane inda hannunki ya tsaya da inda nawa ya fara. Sunan ma na rubuta. Na ɓata takarda biyu kafin ta ukun ta fito, ba don ban san haruffan ba. Yaran suka fara da karatu, muka yi miki addu'a, masar farko da matar Dogo ta kwashe daga tanda aka fitar da ita sadaka da sunanki. Mansur bai je aiki ba da yamma, ya zauna a zaure yana miƙe wayar duk wadda fukafukinta ya lanƙwashe.

Suka bazu neman dabino suna ihu, fukafukai suna karo da juna, ja da shuɗi da rawaya. Ƙaramar 'yar Dogo ta sami gida ɗaya ta zauna a kai ta cinye abin ciki ita kaɗai. Da aka zo langa, yarinyata ta tsaya a gefe tana kallona. Na ɗaga mata kai. Ta kama ƙafa ta shiga. Ba ta iya ba, tunda ba ta taɓa yi ba, tsalle kaɗan ta yi ta faɗi ta goge gwiwa. Na miƙe tsaye, har na ɗauki mayafi. Sai na ga ta tashi da kanta, kambi ya karkace, tana dariya irin wadda ban san tana da ita ba. Na koma na zauna, hannuna a kan mayafin.

A nan matar Dogo ta ce, tana juya masa, wai Ajuji ta zama budurwa, shekararta nawa ne yanzu? Matan da ke wurin suka zuba mini ido, don duk sun san amsar da na saba bayarwa. Na ce sunanta Nasiha, yau ta cika bakwai, Allah ne ya raya mini ita. Sannan na ɗaga murya na kira ta.

Ba ni ta duba ba. Ƙofar zaure ta waiwaya da sauri, don a gidanmu daga can kawai ta saba jin wannan sunan. Sai da na sake kira sannan ta juyo, ta zo a hankali tana duban fuskata. Na gyara mata kambin, na goge mata gwiwa da bakin zane, na ce, "Nasiha, kin yi kyau." Ta ce, "Umma, ke ma," ta ruga ta koma cikin yara.

Ba zan ce tsoro ya bar ni ba. Da gari ya waye abin da na fara yi shi ne taɓa goshinta, kuma na san gobe ma zan taɓa. Amma sunanta nake kira idan zan tashe ta. Fukafukan suna rataye a bango inda duk mai shigowa zai gani. Na aika wa Inna Tambaya hoton yarinyar ta wayar Mansur, ɗan'uwanki Sirajo ya nuna mata, ya ce ta daɗe tana kallo, sannan ta sa masa albarka ta ce yarinyar ta yi kyau.

Zauren karatu yana rufe. Mun yi magana da sauran mata cewa bayan arba'in za mu roƙi maigidanki Malam Nuraddeen ya bar mu mu riƙa taruwa, wadda ta fi sani ta ja wadda ba ta kai ba, har Allah ya kawo mana wata malama.

Ya Allah, ga baiwarKa Hamdiyya ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Kowane harafi da wata mace a garin nan ta karanta ta dalilinta, kowace kwalbar magani da aka ba yaro daidai saboda ita, Ka sa a mizaninta. Yadda ta faranta ran yarinyar da ba ita ta haifa ba, Ka faranta mata a Aljannar Firdausi, Ka duba mata nata da ta bari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Malam Nuraddeen, da ɗanta Abdulganiyyu da ƙannensa, da ɗan'uwanta Sirajo, da dangi na Kebbe da na Tambuwal, da abokan aikinta da ɗalibanta manya da yara. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Ke kuma Inna Tambaya, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya haɗa ki da ɗiyarki a inda za ki faɗa mata abin da ya tsaya miki, ta ji da kunnenta.

Nana, Uwar Nasiha
Tambuwal